Nas da Ruɗewar Tsofaffi a Gadon Asibiti

Likita yakan zaga ɗakin marasa lafiya da safe, ya ɗan tsaya a kowane gado ya wuce. Nas ce ke wuni ta kwana da su, don haka ita ke fara ganin tsohon da ya amsa gaisuwa garau da hantsi, amma da magariba yana fizge robar ƙarin ruwa wai zai tafi gona. Wannan ruɗewa ta farat ɗaya, wadda likitoci ke kira diliriyam, ba gigin tsufa ba ce. Shi gigin tsufa sannu a hankali yake shiga, cikin watanni da shekaru. Ita kuwa cikin sa'o'i ko 'yan kwanaki take aukuwa, ta lafa ta sake tashi, kuma galibi da abin da ya tayar da ita: ƙwayoyin cuta a mafitsara ko huhu, ƙarancin ruwa a jiki, riƙewar fitsari ko bayan gida, maganin barci, ko tiyata, musamman ta karayar ƙugu.

Aikin yana da ma'auninsa. A 1990 Sharon Inouye da abokan aikinta a Jami'ar Yale ta Amurka suka fitar da gwajin CAM, wanda ke duba ko canjin kwatsam ne, da ko mutum na iya tattara hankalinsa wuri ɗaya. Daga baya aka samar da 4AT a Edinbara, gwajin da ba ya wuce minti biyu. Nas za ta tambayi shekarun mutum, ranar haihuwarsa, inda yake da shekarar da ake ciki, sannan ta ce ya jero watanni da baya, daga Disamba.

A nan ake gane gwana. Tsohon da ke lissafi da watan Azumi da Babbar Sallah, bai kuma taɓa sanin ranar haihuwarsa ba, zai faɗi gwajin alhali hankalinsa ras yake. Nas mai lura sai ta koma kan ranakun mako: Juma'a, Alhamis, Laraba. Sai kuma ta juya ga mai jinya, wadda a asibitocinmu ba ta rabuwa da gindin gado:

"Hajiya, haka Baba yake a gida?"

"Wallahi sista, shekaranjiya ma shi ya ja mu salla."

A ganina wannan amsa ta fi duk makin da ke kan takarda nauyi.

Mai ihu da fizge-fizge kowa na ganinsa. Wanda ke kuɓucewa shi ne wanda ya yi lamo, ba ci ba magana, sai gyangyaɗi, har ana yaba masa haƙuri. Irinsa ne aka fi rasa ganewa, kuma ruɗewar da aka bari tana tsawaita jinya, tana jawo faɗuwa daga gado, wani lokacin har rasa rai.

In nas ta gano ruɗewar, sai ta sanar da likita a nemo musabbabi. Kafin nan tana ba shi ruwa, ta sa masa tabaransa, ta buɗe labule da rana, ta rage fitila da dare, ta tayar da shi ya ɗan taka. Ba ta gaggawar ɗaure shi ko neman allurar barci, don sukan ƙara dagula lamarin. Idan dangi suka ce iska ce ko sammu, ba ta tsayawa musu. Suna tofa addu'a tana auna zafin jikinsa tana taɓa mararsa. Wajen miƙa aiki kuma takan ce wa mai kwana ta sake gwajin, domin sakamakon safe ba ya faɗin yadda dare zai kasance.