Dokin Ƙofa da Keken Guragu

Magabatanmu sun ɗaga dokin ƙofa don tare ruwan sama, amma yau shi ke mayar da mai keken guragu baya a tsofaffin gine-ginenmu. Ɗalibin da shan inna ya naƙasa zai haddace tarihin Sarki Muhammadu Rumfa, alhali shiga zauren gini irin na da sai an ɗauke shi cak kamar kaya.

Hujjar da aka saba kawowa ita ce ba a taɓa ginin tarihi. Na yarda, hawa hasumiyar Gobarau da keke ba zai yiwu ba. To amma Girkawa sun sanya na'urar ɗaga mutane a dutsen Akropolis tun 2004, darajarsa kuwa ba ta ragu ba. Mu zaurukanmu ba su buƙatar fiye da gangaren katako, wanda kowane kafinta zai haɗa, a ɗora a cire ba a kankari bango ba.

Dokar hana nuna wa naƙasassu wariya, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara biyar. Wa'adin ya cika a 2024. Ya kamata hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa ta faɗa mana wurare nawa ta gyara.