Amarya Raɗau, Bayanta Dishi-dishi



A hotunan biki na yanzu amarya kan fito raɗau, har zanen lallen hannunta ana bi da ido, amma kujerun roba da 'yan kallon da ke bayanta duk sun koma dishi-dishi. Da yawa sun ɗauka sai kyamara mai tsada ke iya wannan. Alhali yawancin aikin na gilashin gaban kyamara ne, sai kuma inda aka tsayar da mutum.

A cikin gilashin akwai ƙofar da haske ke shiga, ana buɗe ta ana tsuke ta. Lissafinta a juye yake: ƙaramar lamba, babbar ƙofa. A f/1.8 a wangale take, inda aka saita kaɗai ke fitowa fes. A f/16 kuwa komai zai fito, har shanyar maƙwabta. A Canon ana murɗa maɓallin sama zuwa Av, a Nikon da Sony zuwa A. Mai hoto ya zaɓi lamba, kyamara ta daidaita saurin ɗauka da kanta.

Gilashin da ake haɗowa da ƙananan kyamarori, mai milimita 18 zuwa 55, in an zuƙo shi ƙarshe iyakarsa f/5.6. Shi ya sa masu hoton biki ke neman mai milimita 50 da ke kaiwa f/1.8, wanda yana cikin mafiya araha.

Sai batun tazara, wadda ko sisi ba a biya. Duk wanda ya jingina amarya da bango, to bangon zai fito tare da ita. A janyo ta 'yan mitoci gaba, mai hoto ya matso kusa, ya saita a kan ido.

Wayoyi ma sun shigo sahu, musamman tun 2016 da iPhone 7 Plus ta zo da wannan salo. Sai dai manhaja ce ke kwaikwayo, shi ya sa wani lokaci takan cinye gefen ɗaurin ɗankwali.

Amma a kula, f/1.8 ba ta hoton dangi ba ce. In an jeru sahu uku, na gaba za su fito, gwaggo da ke baya ta ɓace, kuma ba za ta yafe ba. In taro ne a koma f/8.