Babi na Uku: Haɗa Matatar Ruwa a Gida Domin Kiwon Kifin Teku

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan ire-iren kifayen teku da ake kiwo a akwatin gilashi domin ƙawa. A wannan babi kuwa za a duba yadda mai kiwo zai haɗa wa kansa matata, wato na'urar da ke tsaftace ruwan da kifi yake rayuwa a ciki.

3.1 Dalilin Tace Ruwa

A teku, yawan ruwa shi ke tafiya da ƙazanta. A cikin akwati kuwa babu inda za ta je. Kashin kifi da ragowar abinci sukan ruɓe su haifar da sinadarin amoniya, wanda guba ne mai kashe kifi ko da kaɗan ne. Abin da ke maganinsa shi ne wasu ƙwayoyin bakteriya masu zama a jikin duwatsu. Rukuni ɗaya yakan mayar da amoniya naitirayit, wanda shi ma guba ne, wani rukunin kuma ya mayar da shi naitiret, mai sauƙin illa. Ke nan babban aikin matata shi ne samar wa waɗannan ƙwayoyi wurin zama.

3.2 Kayan Aiki

Ana bukatar ƙaramin akwatin gilashi, da fallen gilashi biyu, da gam ɗin silikon, da bututun roba, da soso, da duwatsu masu ƙofofi ko ɓaraguzan murjani, da gawayin tace ruwa wanda aka sarrafa musamman, ba na girki ba, sai kuma injin tura ruwa. Ba a amfani da ƙarfe, domin ruwan gishiri yana cin sa. Jan ƙarfe ma guba ne ga murjani da jatan lande.

3.3 Yadda Ake Haɗawa

Da farko za a raba ƙaramin akwatin gida uku da fallayen gilashin nan, a liƙe da silikon, a bari ya bushe sarai, sannan a ajiye shi a ƙarƙashin babban akwati. Ruwa zai gangaro ta bututu daga saman babban akwatin zuwa ɗaki na farko, inda soso zai tare datti. Daga nan ya tsallaka ɗaki na biyu, ya ratsa duwatsu da ƙullin gawayi. A ɗaki na uku ne injin zai mayar da shi sama.

Bayan an gama, sai a zuba ruwa mai gishiri kimanin giram 35 a kowace lita, daidai da na teku. Gishirin miya ba ya wadatarwa, akwai na musamman da ake sayarwa. Ba a saka kifi nan take. Ana ɗan jefa abinci a ruwan, a bar injin yana aiki na mako 4 zuwa 6, har awo ya nuna babu amoniya da naitirayit. Wanda ya yi gaggawa a nan yakan wayi gari kifinsa duk sun mutu.

3.4 Abubuwan Kiyayewa

Idan aka ɗauke wuta, ruwan da ke cikin bututu zai sauko ƙasa, saboda haka dole a bar sarari a cikin matata don kada ta yi ambaliya. Har ila yau, ba a wanke duwatsun da ruwan famfo, domin kulorin da ke cikinsa yana kashe bakteriya. Bugu da ƙari, idan ruwa ya ragu saboda zafi, gishiri ba ya bin tururi, don haka da ruwa mai tsafta marar gishiri ake cikawa. Naitiret kuma ana rage shi ta hanyar canza kashi 10 cikin 100 na ruwan duk bayan mako ɗaya ko biyu.

3.5 Naɗewa

An ga cewa matata ba ta fara aiki sosai sai bakteriya sun zauna a cikinta, kuma kula da su shi ne kula da kifin. Babi na gaba zai yi bayani a kan abincin kifin teku.