Taki daga ruwan najasa: abubuwan da ya kamata ka sani

Me ake nema a ciki?

Harafin P da ke jikin buhun takin NPK na nufin fosfaras, sinadarin da shuka ba ta yi sai da shi. Daga dutse ake haƙo shi, kuma kusan kashi 70 cikin 100 na dutsen da aka sani yana hannun Maroko, inda Najeriya ma take sayowa. Mai yawa daga fosfaras ɗin da muke ci a abinci yana fita ta fitsari da bayan gida. In ya malala tafki sai gansakuka ta rufe ruwan, kifi ya mutu.

Yaya lakar take aiki?

A matatun ruwan ƙazanta, bakteriya ce ke cinye dattin, tarinta kuma shi ake kira laka. A tsohon tsari a warwatse take, tana daɗewa kafin ta kwanta. Masana a Jami'ar Delft ta ƙasar Holan, ƙarƙashin Farfesa Mark van Loosdrecht, sun gano yadda za a sa ta ta dunƙule ta zama ƙwayoyi kamar na gero, masu nitsewa nan da nan. Sunan fasahar Nereda, kuma matatar garin Epe ta fara aiki da ita a 2011.

Dabarar kama fosfaras ita ce a hana ƙwayoyin iska, sannan a hura musu. Idan babu iska, wani jinsin bakteriya yakan saki fosfaras ɗin da ya ajiye don ya samu ƙarfin haɗiye abinci. Da zarar iska ta dawo sai ya kwashe fiye da abin da ya saki, ya tara a cikinsa. Ana maimaita haka har lakar ta cika da sinadarin, a ɗebe ta.

To, an gama ke nan?

Ina! Tarawa daban, fitarwa daban. Sai an sa lakar ta sake sakin sinadarin cikin ruwa kaɗan, a zuba maganiziyam, ya daskare ya zama sitiruvait, wanda ake zubawa a gona. Wani kaso kuwa yana manne da ƙarfe ko kalsiyam, ba ya fita sai an sa asid ko an ƙona lakar an tace tokar. Nan kuɗin yake tafiya, har takin dutse yakan fi araha.

Wa ke matsawa?

Doka ce, ba kasuwa ba. A 2017 Jamus ta wajabta wa manyan matatunta fitar da fosfaras daga lakarsu tun daga 2029.