Ban Ruwa: Kalmar Da Ta Bi Hausawa Har Bakin Shuɗin Nilu

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa cinikin albasa ko tumatir a Jibiya ko Illela ya san kayan ban ruwa, amma ba kowa ne ya tsaya ya duba inda kalmar ta samo asali ba. Ba aro ba ce, Hausa ce tsantsa. "Ban" daga "ba" take, wato bayarwa, kamar yadda muke cewa ban kwana, ban hannu ko ban tsoro. Ke nan ban ruwa shi ne a ba shuka ruwa kamar yadda ake ba doki, a tafki ko da jigo a fadama. Ma'anar tana buƙatar abu biyu: mai bayarwa da mai karɓa.

Wannan kalma ta yi doguwar tafiya. Bayan da Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da hijira gabas da jama'arsa, har suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, kusa da Sinnar ta ƙasar Sudan. A 1925 aka kammala madatsar ruwa ta Sinnar, aka buɗe gandun auduga na Jazira, wanda daga baya ya kai kimanin fadan miliyan 2. Hausawa da Fulani, ciki har da maniyyata masu neman guzurin Makka, suka yi ta shiga aikin tsinkar auduga.

A can suka tarar Larabawa na kiran ban ruwa "rayyi", wanda asalinsa kashe ƙishirwa ne. Ita ma "sagiya", na'urar da shanu ke juyawa ta ɗebo ruwan kogi, daga kalmar shayarwa take. Ashe harsunan biyu kallo ɗaya suke yi wa gona: mai ƙishi ce da ake shayarwa. Sai dai a Jazira mai bayarwar ba manomi ba ne. Ruwa kan taso daga madatsa ya bi babbar "tur'a", ya shiga "abu ishirin", sannan "abu sitta", kafin ya isa "hawasha", wato gonar da aka yanka wa manomi.

Nan ne ya kamata 'yan kasuwa su lura. A ƙasar Hausa mun saba haɗa ban ruwa da noman rani kamar abu ɗaya ne. A Jazira kuwa tun da damina ake shuka auduga, a ci gaba da ba ta ruwa har cikin rani, alkama kuma sai da sanyi. Wanda ya auna lokacin fitowar kayan can da kalandar fadamar garinsu, to zai yi lissafin dokin rano.

Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 ya ƙara fito da ma'anar kalmar fili. Dakarun RSF sun kama Wad Madani a Disambar 2023, sojoji suka ƙwato ta a Janairun 2025, kuma a tsakanin nan manoma da yawa sun gudu, noma ya durƙushe. Kogi bai ƙafe ba, masu buɗe ƙofar ruwa da masu yashe magudanai ne suka watse. In babu mai bayarwa, babu ban ruwa.