Baƙin Ciki a Tarbiyyar Yara: Darasi Daga Al'adar Yaye



Maƙasudin wannan lacca shi ne duba wani abu da iyaye suka ɗauka abokin gaba ne, wato baƙin cikin yaro. Da zarar yaro ya ɓata fuska, abin da ya fi saurin fitowa daga bakin manya shi ne "yi shiru", ko "namiji ba ya kuka", ko kuwa a tsorata shi da Dodo. Ra'ayin da zan kawo shi ne, haƙurin nan da Bahaushe yake taƙama da shi yana tsirowa ne daga baƙin cikin da aka bar yaro ya ji, aka kuma taya shi ɗauka.

Bari mu ɗauki misali daga ƙasar Ajingi, maƙwabciyar Gaya a gabashin Jihar Kano, da garuruwanta irin su Toranke da Balare da Gafasa. A nan, kamar sauran karkarar ƙasar Hausa, babbar rabuwa ta farko da yaro yake ɗanɗanawa ita ce yaye. Idan ya kusa shekara biyu, akan shafa wa nono wani abu mai ɗaci, a ba shi rubutu ya sha, sannan a kai shi wurin kakarsa. Zai yi kuka, ya ƙi abinci, ya zura wa ƙofa ido. Kaka ba ta dukansa saboda wannan. Sai ta goya shi, ta dama masa kunu, ta yi ta zolayarsa da wasan kaka da jika, har ya saki jiki. Kafin a mayar da shi ya koyi abu uku ba tare da an faɗa masa ba: rashi yana da ciwo, akwai mai rarrashi, kuma ciwon yakan wuce.

Binciken masana ya ƙarfafa wannan hikima. A Ingila, likita John Bowlby da abokin aikinsa James Robertson sun lura da ƙananan yaran da aka kwantar a asibiti a zamanin da ake taƙaita ziyarar iyaye, har Robertson ya ɗauki fim ɗin wata yarinya 'yar shekara biyu a 1952. Sun ga yaran suna bin mataki uku: na farko kuka da bore, na biyu sanyin jiki da yanke ƙauna, na uku ko-in-kula, har uwa ta zo yaro ya kau da kai. Ma'aikata sukan ɗauka yaron da ya yi shiru ya saba ne, alhali kuwa ya daina sa rai ne. Daga baya Robertson da matarsa Joyce suka riƙe wasu yara a gidansu yayin da iyayensu mata suke asibiti, suka nuna cewa idan akwai mutum guda tsayayye mai rarrashi, yaro zai yi kewa amma ba zai karaya ba. Wannan shi ne aikin kaka.

To, mene ne amfanin baƙin cikin kansa? Na farko, kira ne. Labarin zuciya a tambayi fuska. Hawaye su ne harshen wanda bai iya bayani ba, kuma da su yake gane wanda zai dogara da shi.

Na biyu, shi ne tushen tausayi. Ba banza ba tatsuniyoyinmu suka cika da marayu da 'ya'yan bora masu shan wuya a hannun kishiyar uwa. Yaro yana zaune a gindin tsohuwa da dare, cikin aminci, yana ɗanɗanar ciwon wani. Gobe idan ya ga maraya a dandali zai gane shi.

Na uku, shi ne yake koya wa yaro gaskiyar mutuwa. Yawancin yara sukan fahimci cewa mamaci ba ya dawowa tsakanin shekara biyar zuwa bakwai. Amma mukan ce wa yaro, "Babanka ya yi tafiya." Ku duba nauyin wannan magana a ƙasar da maza suke tafiya cin rani bayan kaka, su dawo da faɗuwar damina. Yaron zai jira, ya ga uban kowa ya dawo ban da nasa. Ranar da ya gane, ya yi rashi biyu: uba, da yarda da maganar manya.

Addini ma bai raina baƙin cikin yaro ba. An ruwaito cewa Abu Umair, ƙanen Anas ɗan Malik, yana da ɗan tsuntsu da yake wasa da shi, sai ya mutu. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ga yaron cikin damuwa, ya tsaya ya tambaye shi labarin tsuntsun cikin raha da tausasawa.

Sai dai magana tana da iyaka. Baƙin ciki yana amfani ne idan da mai taya ɗauka. Ƙaramin yaron da aka kai almajirci nesa da gida, ba uwa ba kaka, shirunsa ya cancanci a bincika. Haka nan idan yaro ya yi mako biyu ko fiye ya bar wasa, barci da cin abinci sun rikice, to abin ya wuce kewa. A kai shi ga likita.

A ƙarshe, a littafinsa na 1974 kan mutumin kirki, Anthony Kirk-Greene ya lissafa haƙuri cikin manyan siffofin da Bahaushe yake auna mutum da su. Mai haƙuri kuwa shi ne wanda ya ji zafi ya daure. Saboda haka idan yaro ya yi kuka, a tambaye shi dalili, a gaya masa gaskiya daidai hankalinsa, a zauna da shi har ya huce. Bayan nan ne kalmar "yi haƙuri" za ta sami wurin zama a zuciyarsa.