Jan balan-balan na birnin Paris: fim ɗin minti 34 da ya ƙi tsufa

A cikin shekara ta 1956 wani Bafaranshe mai suna Albert Lamorisse ya fito da wani ɗan gajeren fim da ya raɗa wa suna Le Ballon rouge, wato jan balan-balan. Tsawonsa minti 34 ne, maganar da ke cikinsa kuwa ba ta cika tafin hannu ba. Duk da haka a wannan shekara ya ci Palme d'or ta gajerun finafinai a bukin Cannes, ya ci kyautar Louis-Delluc, sa'an nan a 1957 Amurkawa suka ba shi Oscar na labari mafi kyawun tsari. Abin dariya ke nan: kyautar marubuta ta tafi ga fim ɗin da kusan ba a buɗe baki a cikinsa.

Ga yadda labarin yake. Wata safiya wani yaro ɗan lakkol, Pascal, yana kan hanya sai ya hangi balan-balan ja wur, igiyarsa ta sarƙe a ƙarfen fitilar titi. Ya hau ya kwance shi. Daga nan fa sai ƙofofi suka soma rufewa. Mai karɓar kuɗin motar haya ya ce ba a shiga da balan-balan, dole yaro ya tafi lakkol da gudu. Da aka tashi ana ruwa, sai ya riƙa raɓawa cikin laimar masu wucewa, yana kare abokinsa shi kuwa yana jiƙewa. Da ya isa gida aka buɗe taga aka jefar da abin waje. Maimakon iska ta yi gaba da shi, sai balan-balan ya tsaya bakin taga yana jira. Tun daga ranar ba ya bukatar igiya: yana bin yaron kamar ɗan akuyar da aka raina a ɗaki, wani sa'in har ya ɓuya yana tsokanarsa.

Ma'aikacin da ya saba zama bayan tebur, in ya kalli wannan fim da idon basira, zai ga kansa a ciki. Babu babba ko ɗaya da za a kira mugu. Mai mota yana bin dokar mota, direktan lakkol ya kulle yaro cikin biro saboda hayaniyar da balan-balan ya jawo, mai tsaron majami'a ya kore su don ana ibada. Kowa da hujjarsa, amma ba wanda ya ɗaga kai ya yi mamakin abin da ke shawagi bisa kansa. A ganina nan ne rabin ƙarfin fim ɗin yake. Yaro ko na wace ƙasa ya san ranar da ya zo da abin da yake ji da shi, manya suka ce masa fitar da shi waje.

Sauran rabin ya fi ɗaci. Waɗanda suka lura da balan-balan sosai su ne yaran unguwa, su kuwa hassada ta kama su. Sun sace shi sa'ad da Pascal ya shiga gidan burodi, ya ƙwato, suka bi shi a guje cikin lunguna da matakalu har wani kango. Can suka yi ta harbinsa da danƙo da duwatsu. Lamorisse bai yi wa masu kallo sassauci ba: balan-balan bai fashe farat ɗaya ba, sacewa ya yi ta yi a hankali, fatarsa tana yamushewa har ya kwanta ƙasa, sa'an nan wani yaro ya sa ƙafa ya take shi. Masu shirya finafinan yara da yawa suna tsoron irin wannan wuri, shi kuwa ya tsai da kamara ya bar yara su ga rashi da idonsu.

Bayan haka sai dukan balan-balan na birnin Paris suka kuɓuce daga hannun masu su, shuɗi da kore da rawaya, suka taru kan Pascal suka ɗaga shi sama bisa rufin gidaje. Yara suna tafi a nan. Babba kuwa yakan yi shiru, don ya lura ba a shirya tsakanin yaron da unguwarsa ba, ɗauke shi kawai aka yi daga cikinta.

Akwai kuma maganar aiki. A lokacin babu kwamfutar da za ta zana balan-balan. Na gaske ne, ana sarrafa shi da siririn zare, yana cikin hoto ɗaya da yaron da titin. Mashahurin mai sharhin sinima André Bazin ya yi rubutu kan wannan, yana nuna cewa da an yayyanka hotunan an harhaɗa da ba wanda zai yarda. Mai ɗaukar hoto Edmond Séchan ya sa jan launin ya yi ta haske tsakanin bangaye masu ruwan toka, kiɗan Maurice Le Roux kuma ya ɗauki aikin da baki ya bari. Shi ya sa fim ɗin bai nemi tafinta ba: shekaru da dama malaman makarantun Amurka suna nuna shi a aji. Aikin ma na gida ne, don Pascal ɗan Lamorisse ne na cikinsa, yarinyar nan mai shuɗin balan-balan kuma ɗiyarsa ce, Sabine.

An ɗauki hotunan a unguwannin Ménilmontant da Belleville, mazaunin talakawa a wancan zamani. Daga baya hukuma ta rushe yawancin tsofaffin gidajen wajen, a 1988 aka buɗe lambun shaƙatawa na Belleville inda wasu lungunan suke. Mutanen Paris da suka girma can suna komawa ga fim ɗin don su ga ƙofar gidajensu. A 2007 aka gyara shi aka sake fito da shi, a shekarar kuma Hou Hsiao-hsien na Taiwan ya yi Le Voyage du ballon rouge tare da Juliette Binoche don girmama shi.

Lamorisse, wanda tun 1953 ya yi suna da Crin-Blanc, labarin yaro da farin doki, shi ne kuma ya ƙago wasan tebur ɗin nan da ake sayarwa da sunan Risk. Ya ci gaba da neman hoto daga sama, yana ɗaukar fim cikin jirgi mai saukar ungulu. A cikin irin wannan jirgi ya yi hatsari ya rasu a ƙasar Iran a 1970, yana da shekara 48.